Tikiti mai araha, mai tarar canji, ko mai mayar da kuɗi: wanne matafiyi daga Accra zai yanka?

Jirgi ɗaya, kujera iri ɗaya, abinci iri ɗaya, amma shafin kamfani ya jera maka farashi uku ko huɗu, tsakanin na ƙasa da na sama kuma akwai ɗaruruwan daloli. Wannan tazara kuɗin abu biyu ce: damar canza rana, da damar karɓo wani abu daga kuɗinka idan tafiya ta fasu ko farashi ya sauka bayan ka biya. Mutanenmu na Nima, Maamobi, Madina, Aboabo da Asawase suna yawan asarar kuɗi a nan, domin ana tambayar ejan nawa ne tikiti da kilo nawa za a ɗauka, ba a tambayarsa abin da zai faru idan biza ta makara.

Yadda farashi ke sauka

Kamfanin jirgi yana raba kujerun ɓangaren talakawa zuwa azuzuwan farashi, kowanne da harafinsa. Y shi ne cikakken farashi a yawancin kamfanoni, sauran haruffa kuma suna sauka ƙasa, kowane kamfani da tsarinsa. Idan an ga jirgi bai cika ba, sai a buɗe kujeru kaɗan a aji mai araha, idan an saye su a rufe. Saboda haka farashin da ka gani ya faɗi da safe yana iya zama na kujeru biyu kacal, kafin la'asar ya ɓace.

Akwai kuma wata sauka da ke ruɗar mu a Ghana. Tikitin ƙasashen waje da ya fara daga Accra galibi da dala ake ajiye farashinsa, a juya shi zuwa sidi da canjin ranar da aka yanka. A 2022 dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkon shekara zuwa sama da 14 a watan Nuwamba. A 2025 aka yi akasin haka, daga sama da sidi 15 a Afrilu zuwa ƙasa da 11 a Yuni. Wanda ya yanki tikiti a Afrilun nan ya sake dubawa a Yuni zai ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya zube daga farashin sidi, alhali a littafin kamfani ko dala ɗaya ba ta ragu ba. Idan ya nemi a sake lissafa masa tikitin, da dala za a kwatanta tsohon farashi da sabo, a ce masa babu rara. Kafin ka yi murna, duba layin farashi a rasidin tikitinka, ka kwatanta dala da dala.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko shi ne jimillar abin da za ka biya, har da jaka. Tikiti mai araha da ba shi da jaka, idan ka ƙara masa jaka biyu masu kilo 23 zuwa da dawowa, sau da yawa yana kamo na sama da shi.

Na biyu, kuɗin canji. Kashi biyu ne kuma dole a bambanta su. Akwai tara, wadda ƙayyadadden kuɗi ne da ake caja don kawai an taɓa tikitin. Akwai ciko, wato bambancin farashin da ka saya da na ranar da kake so yanzu. Idan kamfani ya ce canji kyauta ne, tara ya ɗauke. Ciko yana nan, kuma a watan Disamba ko goman ƙarshe na Ramadan shi ne ya fi ciwo.

Na uku, makomar rara. Idan sabon farashi ya yi ƙasa da tsoho, sharuɗɗan tikiti suna faɗin ɗaya daga cikin uku: a mayar maka da rarar ta hanyar da ka biya, a ajiye maka ita a matsayin kiredit, wato kuɗin da sai a sayen wani tikiti a kamfanin za ka kashe shi, ko ta zama ta kamfani. Wannan layi ɗaya shi ke yanke hukuncin ko saukar farashi za ta amfane ka, kuma shi ne mutane ba sa karantawa.

Na huɗu, tsawon ran tikitin ko kiredit ɗin. A bisa al'ada tikitin da ba a fara amfani da shi ba yana da shekara ɗaya daga ranar da aka yanke shi. Ranar yanka ake ƙirgawa, ranar da ka soke tafiya ba ta sabunta komai a yawancin kamfanoni. Sai ka tambaya kuma: kafin wa'adin ya cika, sayen sabon tikiti kawai ake bukata, ko sai an fara tafiyar?

Na biyar, sauƙi da haɗari: wa zai iya taɓa tikitin, da abin da zai faru idan ba ka bayyana ba ranar tashi.

Tikiti mafi araha

Sunansa ya danganta da kamfani: Basic a kamfanonin Amurka, Light a KLM, Special a Emirates. A wurin ejan za ka ji an ce "promo ne". Farashinsa shi ne mafi ƙanƙanta a allo. Canji ko dai an hana shi gaba ɗaya, ko an ɗora masa tara mafi tsada. Idan ka fasa, abin da za ka iya nema shi ne harajin gwamnati da na filin jirgi da ba a yi amfani da su ba, shi ma sai ka nema, kuma wasu kamfanoni suna cire kuɗin aiki daga ciki. Ƙarin kuɗin da kamfani ke sa wa kansa, wanda za ka gani a rasidi da alamar YQ ko YR, yana zaune a layin haraji amma na kamfani ne, kuma a tikitin da ba a mayar da kuɗinsa yakan tafi tare da farashin.

Idan farashi ya sauka, mai wannan tikiti ba shi da abin yi. Shi ya sa ba shi da wahalar sha'ani, ka saya ka manta. Haɗarinsa kuwa duka kuɗin ne. Ga wanda bizarsa ke cikin fasfo kuma ranarsa ba ta motsi, ciniki ne mai kyau, bai kamata a tsorata shi ba. Ga wanda fasfonsa ke ofishin jakadanci, caca ce da kuɗin da wataƙila dangi suka haɗa.

Tikiti matsakaici: ana canzawa, ba a mayar da kuɗi

A nan yawancin matafiya suke, kuma a nan ne maganar karɓar kiredit idan farashi ya sauka take da tushe. Standard ne a KLM, Saver a Emirates, Main Classic a Delta.

Labarin ya samo asali daga Amurka. A ƙarshen watan Agustan 2020, lokacin da korona ta kwantar da harkar jirage, United ta sanar da cire tarar dala 200 da take caja kan canjin tikitin cikin gida. Delta da American suka bi sahu cikin kwana ɗaya ko biyu, a ƙarshen shekarar kuma aka faɗaɗa zuwa tafiye-tafiyen ƙasashen waje da suka fara daga Amurka. Tikitin Basic bai shiga ba. Tun daga nan 'yan'uwanmu da ke Bronx a New York suka saba da dabarar: ka sayi tikiti, ka ci gaba da duba farashi, idan ya faɗi ka canza zuwa sabon farashin a ajiye maka rara.

Abin da ke ɓacewa idan labarin ya iso zango shi ne sharaɗin inda tafiya ta fara. Tikitin New York zuwa Accra da komawa, da tikitin Accra zuwa New York da dawowa, ko da a jirgin Delta ɗaya za a zauna, farashi biyu ne daban masu sharuɗɗa daban. Haka na United tsakanin Washington da Accra. Ɗa da ke Amurka ya saya wa mahaifiyarsa tikiti da katinsa bai mayar da tikitin na Amurka ba, matuƙar daga Accra za ta tashi. Sharuɗɗan wannan tikitin na musamman su za a karanta, ba tallar kamfani ba.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. A ɗauki misali, an sayi tikiti dala 1,250, bayan sati uku jirgin nan da ajin nan ya koma 1,100. Rara 150 ke nan.

Idan babu tara kuma ana ajiye rara, ka samu kiredit na dala 150. Idan tarar 100 ce, wasu kamfanoni za su cire ta daga rara su ajiye maka 50, wasu kuma za su ce ka biya 100 a hannu su ajiye maka 150, wato ka ba da kuɗi tsaba ka karɓi takarda. Idan tarar 200 ce, ka yi asarar 50 don neman rangwame. Idan kuma sharuɗɗa sun ce rara ta kamfani ce, ko babu tara ba ka samu komai ba. A kan duk wannan sai a ƙara ladan ejan idan ta hannunsa tikitin ya fito.

Kiredit kuma ba kuɗi ba ne a aljihu. Ya yi kama da mai shago a Kejetia da ya ce ba ya mayar da kuɗi, sai dai ki ɗauki wani kaya, kuma kafin shekara. Da sunan matafiyin ake ajiye shi, galibi ba a ba wani, kuma a kamfanin nan kaɗai yake aiki. Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Guangzhou duk bayan wata uku zai cinye shi a tafiya ta gaba. Hajiyar da ta je ganin jikoki sau ɗaya ba za ta sake tafiya ba sai bayan shekara biyu, dala 150 ɗinta za ta mutu a hannun kamfani, ɗan da ya biya kuma ba zai iya amfani da ita ba.

Idan lissafi ya nuna akwai riba, ga yadda ake yi ba tare da an ɓata tikitin ba:

1. Ka nemo lambar ajiyar kujera mai haruffa shida da lambar tikiti mai lambobi 13. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya yanka: 006 Delta, 016 United, 071 Ethiopian, 074 KLM, 125 British Airways, 176 Emirates, 235 Turkish. Sharuɗɗan wannan kamfani za a bi, ko da jirgin wani za ka hau.
2. Ka tabbatar farashin da ka gani na rana ɗaya ne, jirgi ɗaya, da nau'in tikiti ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta tikitin da ke da jaka da farashin Basic da shafi ya fara nunawa.
3. Ka bincika da adadin mutanen da ke cikin ajiyar. Idan ku huɗu ne kuma kujera biyu suka rage a farashi mai araha, na'ura za ta ba ku huɗun farashin sama. Ana iya raba ajiyar gida biyu, amma kada a raba yaro da babba.
4. Ka shiga ajiyarka ka danna canjin jirgi, ka bi har shafin ƙarshe ba tare da ka tabbatar ba. A nan ne za a nuna maka ainihin tara, ciko ko rara. Farashin binciken sabon tikiti ba hujja ba ne.
5. Idan shafin ya ƙi barin ka zaɓi jirgin da kake ciki, ka kira kamfanin ka nemi a sake lissafa tikitin a sabon farashi. Hanya ta biyu ita ce sokewa zuwa kiredit a sake saye da shi, amma tsakanin sokewa da saye kujerar tana iya tafiya, kuma a wasu kamfanoni kiredit ba ya fitowa nan take. Kada ka bi wannan hanya a lokacin cunkoso.
6. Kada ka riƙe ajiya biyu da suna ɗaya a jirgi ɗaya. Na'urorin kamfanoni suna gano irin wannan su soke ɗaya, kuma ba lallai su soke wadda kake so ba.
7. Bayan canji ka karɓi sabuwar lambar tikiti, ka duba kujerar da ka biya da ƙarin jaka ko sun biyo. A takarda daban ake yanka su, sukan maƙale a tsohuwar ajiya.

Abu biyu kuma. Sabon farashi yana zuwa da nasa sharuɗɗan, mai yiwuwa tararsa ta fi ta da, ko ya rage kwanakin da za ka iya zama. Sannan duk wannan dabara kafin a fara tafiya take aiki. Da zarar ka hau zangon farko, canjin ranar dawowa yawanci da farashin ranar da aka yanki tikitin ake lissafa shi, saukar yau ba ta shafe ka ba.

Babban ramin wannan tikiti shi ne rashin bayyana. Idan jirgi ya tashi ba ka soke ba, za a soke duk sauran zangunan har da na dawowa, sannan ko dai a ɗora tarar da ta fi ta canji, ko tikitin ya mutu gaba ɗaya. Wannan ya shafi mutanen Kumasi sosai. Wanda ya sayi tikitin Kumasi zuwa Accra daban a Africa World Airlines ko PassionAir, da na ƙasar waje daban, idan na farko ya makara kamfani na biyu ba ruwansa. Haka wanda ya biyo mota ya maƙale a hanyar Nsawam. Idan ka ga ba za ka kai ba, ka soke ko ka canza ta waya kafin lokacin tashi, tun kana cikin motar. Wasu kamfanoni suna ƙirga rashin bayyana tun sa'o'i kafin tashi, don haka kada a jira mintin ƙarshe.

Tikitin da ake mayar da kuɗinsa

Flex ko Flex Plus, ko kuma a rubuta Refundable ƙarara. Ba kowane mai suna Flex ne ake mayar da kuɗinsa duka ba, wani ana cire tarar sokewa, sai a karanta. Wanda ake mayarwa duka shi ne kaɗai saukar farashi ke dawo wa mai shi da kuɗi na gaske: ka soke, kuɗi ya koma inda ya fito, ka sayi sabo. Sai dai kuɗin yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya shigo, don haka sai kana da na sayen tikiti na biyu a hannu. Idan katin sidi ka yi amfani da shi a shafin da ke caja da dala, banki zai juya kuɗin da canjin ranar da suka dawo, kana iya samun ƙasa da abin da ka biya ko sama.

A ra'ayina sayen wannan tikiti don jiran saukar farashi ɓarnar kuɗi ce. Idan matsakaici 1,250 ne, wannan kuma 1,700, ka biya 450 a yau don tsammanin rarar da ba ta cika kai haka ba. Ko don canjin rana ne, idan tarar matsakaici 200 ce, sai ka canza sau uku kafin Flex ya fi shi riba, kuma ciko yana kan ku duka. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne inda tafiyar kanta ke iya fasuwa: biza ba ta fito ba, likita bai ba da rana ba, makaranta ba ta aiko da takarda ba.

Wasu farashin suna da sassauci na musamman idan an hana biza, wato a mayar da kuɗi ko a rage tara idan aka kawo takardar ofishin jakadanci, haka nan idan an yi rasuwa. Sharaɗi ne da ko yana cikin tikitin ko babu, kuma ba a ƙara shi bayan an yanka.

Riƙe kujera kafin a biya

Wannan zaɓi na huɗu shi ne mafi arahar kariya, sai dai gajeren rai gare shi. Dokar ma'aikatar sufurin Amurka ta wajabta wa kamfanonin da ke zuwa Amurka su bar mai saye ya riƙe farashi na awa 24 ko ya soke cikin awa 24 a mayar masa da kuɗinsa duka, idan ya saya kai tsaye daga kamfani kuma saura aƙalla kwana bakwai a tashi. Ka tabbatar an rubuta haka a shafin da kake biya. KLM da British Airways ma suna da sassaucin awa 24 ga wanda ya saya a wurinsu kai tsaye. Wasu kamfanoni kuma suna sayar da riƙon farashi na kwana biyu ko uku da kuɗi kaɗan.

A wurin ejan akwai makamancin haka. Yana iya ajiye maka kujera ba tare da ya yanka ba har zuwa wa'adin da na'ura ta ba shi, amma kujera aka riƙe, farashi yana iya tashi kafin a yanka. Bayan ya yanka kuma, yana iya goge tikitin a ranar kafin sha biyun dare kamar ba a taɓa yanka ba, abin da suke kira void. Saboda haka idan an turo maka tikiti ta WhatsApp, ka buɗe shi nan take, ka ɗora shi kusa da fasfo, ka bi sunan harafi da harafi. Mohammed ne ko Muhammad, Abubakar ko Abubakari, Issah ko Isa. Gyaran da ba ya cin komai da daren nan, washegari ya zama na tara, wani lokaci ma sai sabon tikiti.

| Ma'auni | Mafi araha | Matsakaici | Mai mayar da kuɗi | Riƙe kujera |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | Mafi ƙasa, jaka sau da yawa daban | Tsaka-tsaki | Mafi tsada | Kyauta ko kuɗi kaɗan |
| Canjin rana | An hana, ko tara mai yawa | Tara ko babu, da ciko | Galibi babu tara, da ciko | Ba a yanka ba tukuna |
| Idan farashi ya sauka | Babu komai | Kiredit, idan sharuɗɗa sun yarda | Kuɗi, ta hanyar sokewa | Ka ɗauki sabon farashi |
| Tsawon rai | Ranar tafiya kawai | Galibi shekara daga ranar yanka | Galibi shekara daga ranar yanka | Awa 24 zuwa kwanaki kaɗan |
| Babban haɗari | Asarar duka kuɗin | Rashin bayyana, mutuwar kiredit | Biyan kariyar da ba a bukata | Wa'adi ya wuce ba a sani ba |

A hannun wa ka saya

Wanda ya yanki tikiti shi ke da ikon taɓa shi. Idan ejan ne, kamfanin jirgi zai ce ka koma wurinsa, kuɗin da aka mayar ma a asusunsa zai faɗa kafin ya iso gare ka. Ejan na gari yana da amfani ƙwarai: yana karɓar sidi ko MoMo, yana ganin cikakkun sharuɗɗa a na'urorin yankan tikiti irin su Amadeus, Sabre ko Galileo, yana iya gyara tikitin dattijon da ya maƙale a Addis Ababa da tsakar dare. Matsalar tana zuwa ne idan wanda ka ba kuɗi ba shi ke yanka ba, yana miƙa wa wani babba ne. Kowane canji sai ya bi hannu biyu, kowane hannu da ladansa.

Kafin ka tura kuɗi, ka ce masa: "Alhaji, don Allah kafin ka yanka, turo mini hoton sharuɗɗan tara. Nawa ne canji kafin tashi, nawa ne bayan tashi, nawa ne idan ban zo ba, kuma idan sabon farashi ya yi ƙasa ina rarar take zuwa? Kai kuma nawa ne naka?" Ejan mai gaskiya ba zai ji haushi ba, minti biyu ne aikin. A rasidin ma akwai ɗan layi na taƙaitattun sharuɗɗa, inda za ka ga kalmomi irin su NONREF ko NON END. Na farko yana nufin ba a mayar da kuɗi, na biyu yana nufin ba a kai tikitin wani kamfani.

Shafukan intanet masu dillancin tikiti su ne suka fi wahala idan ana son canji. Suna ɗora nasu kuɗin a kan tarar kamfani, dokar awa 24 ta Amurka ba ta tilasta musu ba, kuma samun mutum a waya daga Ghana aiki ne. Rangwamen dala 30 bai kai wannan ba.

Idan wani ne daga waje ya biya da katinsa, a tambaya ko za a nemi ganin katin a filin jirgi, domin wasu kamfanoni suna yin haka ga masu tashi daga Accra.

Idan kamfani ne ya canza

Duk abin da aka faɗa a sama na canjin da kai ka nema ne. Idan kamfani ya soke jirgi ko ya matsar da shi sosai, ko tikiti mafi araha yana da haƙƙi. Dokar Amurka ta 2024 ta ce a tafiyar ƙasa da ƙasa mai zuwa Amurka ko tashi daga can, idan an soke jirgi ko an matsar da shi da awa shida ko fiye kuma ka ƙi karɓar madadin, kuɗi za a mayar, cikin kwanakin aiki bakwai idan da katin bashi aka biya, kwana 20 idan ta wata hanya ce. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen tarayyar, da jirgin kamfanin tarayyar da ya nufi can daga Accra, kamar KLM ko Brussels Airlines. Tana ba da zaɓin mayar da kuɗi cikin kwana bakwai idan an soke jirgi, da diyyar da ke kai yuro 600 a doguwar tafiya idan laifin kamfani ne. Birtaniya tana da irinta.

Abin lura shi ne saƙon da za a turo yakan sa maɓallin karɓar kiredit ko sabon jirgi a gaba. Da ka danna, ka sarayar da haƙƙin kuɗi. Wanda yake neman hanyar fita daga tikiti mai tsada bayan farashi ya faɗi, wannan ce damarsa mafi kyau, kada ya yi gaggawar dannawa.

Wa ya dace da wanne

Mai biza a hannu da rana tabbatacciya, kamar ɗalibin da zai koma makaranta ko ma'aikacin da hutunsa ya ƙare, ya ɗauki mafi araha bayan ya haɗa kuɗin jaka ya ga har yanzu shi ne ƙasa.

'Yan kasuwar Dubai, Istanbul da Guangzhou, waɗanda ranar dawowarsu ke bin lokacin da kaya suka kammala, matsakaici ne nasu, kuma su tsaya a kamfani ɗaya ko biyu don kiredit ya samu inda zai shiga. Abin da za su fi dubawa shi ne tarar canji bayan tashi. Su ne kuma ya dace su kunna bibiyar farashi a shafin Google Flights bayan sun saya.

Mai jiran biza ya fara da ajiyar kujera a wurin ejan. Idan dole sai an yanka, to mai mayar da kuɗi, ko matsakaicin da aka rubuta sassaucin hana biza a cikinsa.

Iyayen da za su je ganin 'ya'ya a Amurka ko Turai, matsakaici mai sauƙin tarar dawowa, domin zaman wata biyu yakan koma huɗu idan an yi haihuwa. A duba iyakar kwanakin zama da tikitin ya yarda da su, da wadda biza ta yarda da ita. Maganar bibiyar rara a bar ta, kiredit ba zai yi musu amfani ba.

Masu Umra a ayari su san cewa tikitin rukuni yana da yarjejeniyarsa tsakanin ejan da kamfani: kuɗin kafin alƙalami, ranar miƙa sunaye, da ranar da ba a sake mayar da komai. Saukar farashi a intanet ba ta taɓa shi. A karɓi waɗannan ranaku a rubuce kafin a biya. Kujerar Hajji kuwa ta hannun hukumar alhazai take, ba ta cikin wannan lissafi.

Mai zirga-zirga tsakanin Accra, Kumasi da Tamale ya bar batun rara, kuɗin bai kai a bi shi ba. Idan jirgin cikin gida zai haɗa shi da na ƙasar waje, ya ɗauki wanda ake canzawa, ya bar aƙalla awa biyar a tsakani, a lokacin hazon hunturu kuma ya sauka Accra tun ana gobe.